Babban Yatsan Iya Mai Wanki

Mai aski ne ya fara gane cewa idon Iya mai wanki ya soma tafiya, kuma bai ce mata komai ba. Tawul-tawul ɗin shagonsa, waɗanda take wanke masa tun ranar da ya buɗe shagon, suka riƙa dawowa a goge, a ninke, suna ƙamshin sabulu, amma da jirwayen baƙin rinin gashi a gefe, abin da a da ko biyan ta aka yi ta bari ba za ta bari ba. Sai ya riƙa juya wajen tabon ta ciki yana yafa wa mutane a wuya. Da abin ya yi yawa, ya tari 'yarta Auta a bakin titi ya gaya mata, ya kuma roƙe ta kada ta ce daga bakinsa ta ji.

Iya ta haura saba'in. A tsakar gidan hayar da suke zaune ba a ganin igiyoyin shanyarta babu kaya sai ranar da hadari ya haɗo. Wurin aikinta ɗan lungu ne tsakanin famfo da katanga, da baho biyu, da bokiti, da wata 'yar kujera da ƙafarta ɗaya ta gaji aka tokare ta da bulo. Nan take wanke kayan mai aski, da zannuwan gadon wani ƙaramin masaukin baƙi, da fararen rigunan wata ma'aikaciyar jinya da ke bayan layi. Ɗakinta daban, Auta da mijinta, direban bas, suna ɗakin da ke kusa, kuma tukunyarta ma daban, don ta ce ranar da ta fara cin abincin suruki ranar za a fara yi mata kallon kaya. Mace ce mai wuyar sha'ani, gaskiya, amma ba a taɓa mayar mata da wanki ba.

Likitan ido ya haska ya ce yanar ido ce, a idanun biyu, kuma sai an yi aiki. Da ya faɗi kuɗin aikin, Direba ya sosa ƙeya ya shiga kallon silin. Likita ya ce kada su tayar da hankalinsu, akwai katin tsofaffi da gwamnati ke bayarwa. Mai katin ana yi masa aikin ido kyauta, a rage masa kuɗin magani, ko motar haya ya shiga rabi zai biya.

"Ni ban fara karɓar sadaka ba," in ji Iya.

"Inna, ba sadaka ba ce, haƙƙinki ne," Auta ta ce.

Ba maganar haƙƙi ce ta sa Iya ta yarda ba. Likita ne ya ƙara da cewa in aka bar yanar, nan gaba kaɗan ba za ta iya bambance farin kaya da mai ruwan toka ba. Idon da take so na aiki ne. In babu ido babu wanki, in babu wanki kuwa sai zaman jiran a zubo mata, abin da ta fi tsoro ke nan a duniya.

Ofishin katin tsofaffi dogon ɗaki ne mai bencuna, da fanka ɗaya da ke juyawa don ita ma a ce tana aiki. Tsofaffi sun cika shi, kowa da sandarsa ko mai rakiyarsa, ana hirar gwiwa da hawan jini. A can gaba wata matashiyar ma'aikaciya ce zaune bayan kwamfuta, kusa da ita akwai wata 'yar na'ura mai gilashi a sama. Ba a tambayar kowa dogon bayani. A ɗauki hotonka, ka ɗora babban yatsa a kan gilashin, in ya kawo koren haske shi ke nan ka zama tsoho a idon hukuma.

Da layi ya zo kan Iya ta ɗora yatsa, ya kawo ja. Ta sake, ja. Ma'aikaciyar ta gwada na hagu, ta gwada manuni, ta bi yatsun nan goma ɗaya bayan ɗaya, na'ura ta ƙi ko ɗaya. Mutanen da ke baya suka fara gyaran murya. Ma'aikaciyar, wadda tun safe ba ta ɗaga kai ba, ta zaro 'yar takardar goge hannu ta miƙa mata.

"Mama, goge hannunki mu gani."

Iya ta goge. Ja.

"Bai fito ba. Ki je ki gyara hannun ki dawo, Mama. Na gaba!"

A cikin mota Iya ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi. Sai da suka shiga gida ta zauna a kan kujerarta ta ce, "Ni yau aka ce wa na je na wanke hannu. A gaban jama'a. Ni."

Auta ma haka ta fahimci maganar. Ɗiyar mai wanki ce, a bakin baho ta girma, kuma a gidansu duk abin da aka ce bai fito ba maganinsa ɗaya ne, a jiƙa shi a cuɗa. Saboda haka uwa da 'ya suka tasam ma hannuwan nan. Aka jiƙa su a ruwan ɗumi da garin sabulu. Aka ɗauko dutsen goge kaushi aka bi kan yatsun safe da yamma. Iya da kanta ta ɗiga bilic a ruwan ɗauraya, irin yadda take yi wa rigunan ma'aikaciyar jinya. Direba ya leƙo ya ga abin da ake yi, ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna da wadda zai yi wa maganar, ya rufe. Kafin mako ya zagayo yatsun Iya sun yi fes, sun yi sumul suna sheƙi, kan babban yatsan dama har ya yi ja yana zafi.

Suka koma ofis. Wannan karon na'urar ko jan hasken ba ta kawo ba, kamar ba a taɓa ta ba. Ma'aikaciyar ta kama hannun ta juya shi, ta ɗaga kai ta dubi Iya sosai.

"Mama, me kika yi wa hannun nan?"

"Na gyara shi. Ba ke kika ce ba?"

Wani tsoho da ke bencin gaba ya tuntsire da dariya har da tari. Tsohon magini ne, hannuwansa manya, duk sun daddare, ya zo sabunta katinsa.

"Dutse kika sa masa ko, baiwar Allah? Ni da aka ce na gyara nawa, kananzir na sa."

Iya ta juya wajen muryar a fusace, amma Magini bai damu ba. Ya ce injin nan ba ruwansa da datti, zanen yatsa yake nema, 'yan layukan nan da Allah ya yi wa kowa nasa daban. Shi siminti ne ya cinye nasa, ita kuwa ruwa da sabulu da cuɗar shekara da shekaru, ragowar da ta rage kuma ta bi ta da dutse. Iya ta ce ita ba ta ga wasu layuka ba. Ya ce ai ba za ta gani ba, ta sa farce a yatsan 'yarta ta ji.

Ta kama babban yatsan Auta ta ja farce a kai, ta ji 'yan tudu-tudu ƙanana suna karce farcen. Ta ja a nata, farcen ya zame kamar a cikin baho. Ta daɗe tana maimaitawa, daga na Auta zuwa nata.

"Yana dawowa," in ji Magini. "Amma sai kin raba shi da ruwa. Ba wanki, ba wanke-wanke, ki riƙa shafa mai kina rufewa. Ni sai da na yi wata biyu ban taɓa bulo ba, na zama ɗan zaman kashe wando a ƙofar gida, matata har ta fara aike na cefane."

Auta ta tambayi ma'aikaciyar ko babu wata hanya. Ma'aikaciyar, da muryarta ta yi laushi yanzu, ta ce akwai, ana tura sunan waɗanda yatsunsu suka ƙi zuwa babban ofis, amma waɗanda aka tura bara har yau suna jira. Ta ce su bi shawarar Baba Magini, ta fi sauri.

Auta ta sayo safar hannu ta roba a kan hanya, a ganinta an warware matsala. Iya ta saka ta cuɗa zanin gado ɗaya, robar ta yage a gindin yatsa, ruwan sabulu ya cika ciki. Ta sake gwada wata, ita ma haka. Ta cire ta jefar ta ce dama mutum ba ya jin datti ta cikin roba. Sai aka kife bahunan a jikin katanga.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Da safe Auta za ta shafe mata hannuwa da mai, ta zura mata tsohuwar safar ƙafar Direba a kowane hannu, ta tafi shagon da take sayar da kaya. Iya ta wuni a kan kujera a bakin famfo, hannuwa a cinya, tana sauraron matan gida suna wankinsu. Ba ta gani sosai, amma daga ƙarar ruwa take gane mai ha'inci.

"Ɗauraya ɗaya za ki yi ki shanya? Sabulun wa kika bar wa?"

Matan suka koma yin wanki a lokacin da take barcin rana.

Masaukin baƙi ne ya fara janyewa, kuma ba za a ga laifinsu ba, baƙo ba ya jiran zanen yatsa ya tsiro kafin ya kwanta. Ma'aikaciyar jinya ta aiko da gaisuwa, ba ta aiko da riguna ba. Mai aski ya fi kowa haƙuri. Ya yi ta wanke tawul ɗinsa da kansa a bayan shago, har wani ya tambaye shi ko da su yake goge ƙasa, sannan ya kai su shagon injin wanki da aka buɗe a kan kwana. Ya zo da kansa ya gaya mata, ya durƙusa a gefen kujerarta.

"Iya, na ɗan lokaci ne. Ranar da kika ce na kawo, zan kawo."

"Allah ya kai mu," ta ce, ba ta juyo ba.

A makon ne tukunyarta ta daina hawa wuta. Auta ta fara kawo mata kwano a rufe ta ajiye a bakin ƙofa ba tare da magana ba, don ta san in ta yi magana ba za a ci ba. Iya takan bari sai tsakar gida ta yi shiru sannan ta jawo kwanon ciki. Wannan ya fi yanar ido yi mata ciwo, kuma duk gidan an san haka.

Direba ne ya samo hanyar duba ci gaba. Yana da wani tsohon madubin gefen mota da ya fashe. Kullum kafin ya fita zai goge shi da gefen riga, Iya ta danna yatsa a kai, shi kuma ya karkata shi wajen haske yana ƙanƙance ido. Kwanakin farko tabon mai kawai yake gani. Daga baya ya fara ba da rahoto.

"Inna, hanya ta fara fitowa, amma ba a zuba kwalta ba tukuna."

"Kai dai tafi aikinka, kada wankin hula ya kai ka dare."

Ita ce hira mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakaninsu tun da ya auri Auta. Wata safiya ya karkata madubin, sai ya kira matarsa ta zo ta gani. Layuka ne sirara, a lanƙwashe, ɗaya cikin ɗaya.

A zuwa na uku na'urar ta yi ɗan jinkiri, sannan ta kawo kore. Babban yatsan dama kaɗai ta karɓa, sauran tara ta ƙi su, amma ma'aikaciyar ta ce ɗaya ya isa. Tsofaffin da ke benci, waɗanda ba su san Iya ba, suka yi ta yi mata barka. Aka ba ta kati mai hotonta, ta ƙulle shi a bakin zani.

Aka yi aikin idon dama. Ranar da aka cire bandeji, abin da ta fara gani shi ne fuskar Auta, ta dube ta ta ce, "Ashe furfura gare ki?" Auta ta yi dariya tana share hawaye. Likita ya ce ta guji sunkuyo da ruwan sabulu har idon ya warke, sannan ya tura su teburin da ake ba da ranar dawowa. Matar da ke teburin ta yi musu bayani da sauri, irin na wadda ta faɗi magana ɗaya sau ɗari. Idon hagu sai bayan 'yan watanni. Ranar aikin a zo da kati, kuma za a sake ɗora yatsa a nan asibiti, in na'ura ta ƙi babu aiki. Katin kansa ana sabunta shi lokaci-lokaci, da yatsa, don a tabbatar mai shi yana raye.

"Ni da nake tsaye a gabanki?" in ji Iya.

"Ni na gan ki, Mama. Na'ura ce ba ta gani."

A hanyar gida Auta ta yanke hukunci: babu wanki har sai an yi ɗayan idon. Iya ta tambaya, bayan an yi fa? Auta ta ce sai a lallaɓa yatsan saboda sabuntawa. Iya ta ce, bayan an sabunta fa? Iya ta juya tana kallon titi ta tagar mota da sabon idonta, allunan shaguna da fuskokin mutane duk sun fito tar. Da suka wuce shagon aski ta hango wani mutum a kan kujera da tawul a wuya. Tawul ɗin ya yi ruwan toka.

Ta bi umarnin likita har idon ya warke, don ba ta wasa da aikin da wani ya yi da hannunsa. Ranar da aka ce ya warke, ta aika a gaya wa mai aski ya kawo kayansa.

Da sassafe Auta ta ji ƙarar ruwa a baho ta fito. Iya na kan kujerarta, tawul-tawul a jiƙe a gabanta. Ta naɗe babban yatsan dama da leda ta ɗaure da zare, ta ɗaga shi sama, tana cuɗa da sauran yatsun.

"Inna!"

"Ban taɓa shi ba. Ga shi nan, na gwamnati ne, na ware musu abinsu."

Auta ta tsaya tana kallo. Cuɗar tana yiwuwa, a hankali, a karkace, tawul na suɓucewa tana kamo shi. Ta gama da na farko, ta ɗauraye shi sau uku, ta ɗaga shi sama ta duba da idon dama, fari ƙal. Saura matsa. Ta kama bakinsa da hannun hagu, ta kama ɗaya bakin da yatsu huɗu, ta murɗa. Tawul ya zame ya faɗa cikin baho. Ta ɗauko ta sake, ya sake zamewa. Ba a matse kaya babu babban yatsa, ita ma ta san haka tun kafin ta fara.

"Kawo na matse miki," Auta ta ce, ta matso.

"Gobe fa, kina shago?"

"Sai Direba ya..."

"Ya ajiye motarsa ya zo matsar tawul?"

Mai aski na tsaye a bakin ƙofar gida, ya kawo ragowar kayan a ƙulle, ya kasa shigowa ya kasa komawa. Iya ta zauna da jiƙaƙƙen tawul a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta, yatsa ɗaya a sama. Sannan ta kai yatsan bakinta ta tsinke zaren da haƙori, ta zare ledar ta ajiye a kan bulo. Ta kama tawul da hannu biyu ta murɗa, ruwa ya zubo a lokaci ɗaya.

Auta ta ji haushi da tausayi sun taso mata tare.

"Inna, ɗayan idon fa?"

"Wannan ma gani yake," in ji Iya.

Ta yarfe tawul ɗin, ta miƙe ta shanya shi a igiya, ta ce wa mai aski ya shigo da sauran.